Alƙur'anin Kakana a Bakin Wuta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, matata shaida ce. Amma ranar da na tsaya tsakanin yayana da wuta a wata gonar dabino ta unguwar Awali a Madina, ina jin ko na tsufa har na daina gane 'ya'yana, ita tana nan daram. Shekaru sun ja, duk da haka raina yakan ɓaci idan na tuna, kuma har yau ban yi nadamar ko kalma ɗaya da na faɗa a wannan yinin ba.

Mu haifaffun Madina ne. Kakanmu na wajen uwa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya yana noma yana yin gaba, ya haye teku ya sauke farali, sannan ya ce shi kam ya zo ke nan. A gonakin dabino ya ƙare rayuwarsa. Mu jikokinsa muka tashi da Larabci a waje, Hausa a cikin gida, ita ma don mahaifiyarmu, Ummi, ba ta yarda a amsa mata da wani harshe ba ne. Mu biyu ne maza a wurinta. Yayana shi ne ɗan kirkin gidan, ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami, ya yi karatu mai zurfi, ya samu aiki a matatar mai a Yanbu. Ni kuwa ni ne mai kunnen ƙashi, wanda ya watsar da makaranta a tsakiya ya buɗe ɗan shagon ɗinkin littattafai a unguwar Sultana, inda ɗalibai ke kawo takardunsu in haɗa musu in yi musu bango.

A sana'armu akwai ƙa'ida: ka duba lambar shafi, kada ka karanta abin mutane. Ni ban taɓa iya kiyaye ta ba. Wata rana wani mutumin Sudan da ke karatu a ƙasar waje ya zo ziyara, ya kawo min tulin takardu in ɗinke masa. Ina jera su sai idona ya faɗa kan hotunan wasu tsofaffin fatu masu ɗauke da ayoyi, rubutu a karkace, babu wasali, ɗigo ma sai jefi-jefi. Na tambaye shi, ya ce nazari ne a kan tarihin yadda aka rubuta Alƙur'ani, marubutan wasu Musulmi ne, wasu Nasara, wasu ba su da addini ko kaɗan. Ya ga yadda na ƙura wa takardun ido, ya yi dariya ya ce, "In zuciyarka na da ƙarfi, ɗauki kwafi." Na ɗauka, kuma daga nan na shiga neman irinsu duk inda na ji an fassara su da Larabci.

Waɗannan mutanen ba sa tambayar ko wahayi ne ko ba wahayi ba ne. Tambayarsu ita ce wace irin fata, wace tawada, hannun wa, wane zamani. Sai su ajiye kwafi kusa da kwafi, su kwatanta da rubutun da aka sassaƙa a jikin duwatsu, su kwatanta da littattafan Yahudu da Nasara na wancan lokaci. Ba zan ɓoye muku ba, wasu maganganunsu sun ƙona min rai har na yi jifa da littafi ya bugi bango. Amma in na huce sai in ɗauko shi, in zauna da jan biro ina mayar wa marubucin da martani a gefen shafi, kamar yana gabana. Da tafiya ta yi nisa na ga su ma junansu suke ƙaryatawa, kuma wanda ya kawo shaida shi ke tsayawa. Sallata ba ta ragu da raka'a ɗaya ba. Yayana dai da ya ga littattafan a shagona sai ya ce guba nake sha da cokali, ya kuma laƙaba min suna "mustashriƙin gidanmu", wato irin Turawan nan masu bin diddigin Musulunci. Duk taron gida sai ya kira ni da shi a yi dariya, ni ma in taya su.

Ana nan sai mai gonar da Kaka ya yi wa aiki ya sayar da ita. Akwai wani ɗakin ƙasa a ƙarshen gonar da aka bar mana tun zamanin Kaka, aka ce mu je mu kwashe abin da ke ciki, mutanen sabon mai gonar za su zo karɓar makulli bayan la'asar. Lokacin nunar dabino ne, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa. Yayana ya taso daga Yanbu tun da asuba, ya biya ya ɗauki Ummi. Ni, kamar kullum, na makara.

Da na shiga gonar hayaƙi na fara hangowa. An tara busassun rassan dabino an cinna musu wuta, ana jefa tsummokara da ruɓaɓɓun tabarmi. Ummi na zaune a kan wani kwando da aka kife a gindin dabino, ta rufe rabin fuskarta da mayafi, kafaɗunta na rawa. Yayana na durƙushe gaban wani akwatin ƙarfe da tsatsa ta ci, ga tsohuwar gafakar fata a gefe, ga fallayen takardu masu ruwan ƙasa a baje a kan tabarma. Tun muna yara Ummi ke ba mu labarin "Alƙur'anin Baba", wanda Kaka ya ɗauko a ka tun daga gida, kuma kowa ya ɗauka ya ɓata. Ashe yana nan a ƙarƙashin tarkace.

"Ta'al, ya ustaz," in ji yayana, "zo ka ga abin da Kaka ya ɓoye mana." Ya miƙo min falle ɗaya. "Wannan ba mus'hafi ba ne, sihiri ne. Dubi da'irorin nan a gefe, ja da rawaya. Babu bango, babu lambar shafi. Ƙirgen ayoyin ma bai zo daidai da namu ba. Kuma ish hada, mene ne wannan, kalma ɗaya ita kaɗai a ƙasan kowace takarda, me take yi a can?"

Na san abin da nake riƙe da shi, na sha ganin 'yan uwansa a hoto. Na ce, "Yaya, me ka jefa a wutar nan?"

"Biyu kawai. Masu manyan hatimai, shafi guda cur zane ne. Su na fara kawarwa."

Dole in yi masa adalci a nan, domin ba mugu ba ne. Tun muna makaranta ake jifanmu da cewa baƙaƙen Takari masu sihiri ne. Ni da duka nake ramawa, shi kuwa hanyarsa ita ce ya fi kowa tsare addini, don kada a samu abin faɗa a kansa. Ga shi a ƙasar nan zargin sihiri ba abin wasa ba ne, ga baƙi na tafe nan da 'yan sa'o'i. Sannan a nan idan mus'hafi ya tsufa ya yayyage, ƙona shi a wuri mai tsarki ba laifi ba ne, girmamawa ce. Lissafinsa a shirye yake: in Alƙur'ani ne ƙonawa ta halatta, in sihiri ne ta wajaba. Ta kowace fuska wuta ce amsar. Na gane duk wannan, kuma bai hana zuciya ta zo min wuya ba.

Ya tattaro wasu fallayen ya miƙe. Ban san lokacin da na sha gabansa ba, wutar na gasa min baya. Na ce, "Wallahi Yaya ba za ka ƙara jefa ko ɗaya ba, sai dai ka haɗa da ni."

A gidanmu ƙane ba ya ɗaga wa wansa murya, balle ya tare masa hanya. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ib'id. Matsa, ya walad, kai yaro."

"Ba zan matsa ba. Kai mahaddaci ne, ni ko izu biyar ban riƙe ba. Ɗayyib, na ji. Ka ba ni lokaci kaɗan. In na kasa nuna maka mene ne wannan, ni da hannuna zan zuba sauran."

Na san ba zan zuba ba ko da na kasa, amma dai haka na faɗa. Ya zauna, don ya tabbata zan kunyata.

Na durƙusa a kan tabarmar na ɗauki falle ɗaya, na nuna masa kalmar nan tilo da ke ƙasa. Na shiga bin sauran fallayen ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba a idona, har na samo wanda layinsa na farko ya soma da wannan kalmar. Na ajiye su kusa da juna na ce, "Karanta ƙarshen wannan, ka zarce cikin wannan." Rubutun ya yi masa kauri, bai saba da shi ba, ya yi ta ƙanƙance ido. Can sai na ga leɓensa ya motsa, ayar ta tsallaka daga takarda zuwa takarda ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Na sake nemo na uku, na huɗu, na biyar. Na ce, "Ka gani? Lambar shafinsu ke nan. Littafin da ba a ɗinke ba, in iska ta watsa shi, da wannan ake mayar da shi. Aikina ne, na sani."

Na ce ya nemo min ayar sujada duk wadda ya ga dama a cikin waɗanda ke gabansa. Ya nemo, sai ga da'irar nan ja da rawaya daidai gefenta. Na ce, "Alama ce a faɗi a yi sujada. Waɗanda ka ƙona kuma zayyana ce, ado ne da ake yi inda aka raba Alƙur'ani kashi huɗu. A bayansu akwai ayoyi."

Ya ɗago da sauri. Ashe bai ma juya su ba kafin ya jefa.

Maganar ƙirgen ayoyi da ɗan bambancin karatu kuwa, ya san akwai ruwayoyi, ya karanta a makaranta, sai dai bai taɓa ganin abin a takarda da hannun mutum ba. Na ce, "Wannan karatun mutanen Madina ne na da, garin nan da kake tsaye a kansa. Daga nan ya tashi, ya bi ta Masar, ya bi ta Magrib, ya tsallake Sahara ya sauka ƙasar kakanninmu. Kaka ya ɗora shi a ka ya dawo da shi gida, kai kuma jikansa ka tarbe shi da ashana."

Wannan ta shige shi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. "Wa ya gaya maka duk wannan? Kafiran nan naka?"

"Wasu kafirai, wasu Musulmi. Amma dukkansu sai da suka zauna suka duba kafin su buɗe baki. Kai ka duba?"

Da a nan aka tsaya, da na koma gida ina taƙama. Amma Ummi, da ta ga ɗanta mai kunnen ƙashi ya yi rana, sai ta share hawaye ta miƙe. "Gaya masa! Gaya masa tun zamanin Sahabbai aka rubuta shi. Haka Baba ya faɗa min, hannu da hannu ya iso gare shi."

Yayana ya juyo gare ni a hankali. "Haka ne, ya ustaz?"

Ku duba inda na samu kaina. Sau uku ke nan ya ga maganata ta fito daidai. Da na ce e, ba zai iya musawa ba, kuma babu mai hankalin da zai kai abin zamanin Sahabbai kusa da wuta. Ummi za ta sa min albarka har ta gaji. Kalma ɗaya ce tak, ba ta da nauyi a baki. Na ɗaga falle ɗaya na saita shi da rana, ina fata kada in ga abin da na san zan gani. Yana nan a cikin jikin takardar, jinjirin wata guda uku a jere, alamar masana'antar da ta yi ta.

Na ce, "A'a, Ummi. Ki yi haƙuri. A zamanin Sahabbai a kan fata ake rubutawa. Wannan takarda ce, kuma a ƙasar Turai aka yi ta, ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, fatake ke kai irinta ƙasarmu. Ba zai wuce zamanin mahaifin Kaka ba, ko malaminsa."

Har yau ina ganin fuskarta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Kai ma? Wancan ya ce ubana boka ne, kai kuma ka ce maƙaryaci ne. Na gode muku."

"Ummi, ban ce ya yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya faɗa..."

Ta ɗaga min hannu, na yi shiru. Yayana kuwa kamar an ba shi sanda. "Ka ji ko? Takardar Nasara, ilimin Nasara. Khalas, shi ke nan, me ya rage?"

A nan ne na fashe gaba ɗaya. Na ce, "Abin da ya rage shi ne ayoyin da ka karanta yanzu da bakinka! Takarda ce ta Nasara, hannun da ya rubuta fa? Mutum ya zauna wata da watanni yana fiƙe alƙalami, bai bar wasali ɗaya ba. Kuma ka ji da kyau, da na so in ci ka da ƙarya da yanzu na ci ka. Ga ta nan Ummi ta miƙo min ita a faranti. Na ƙi, don in na yi ƙarya a wannan, gobe ka ce sauran ma ƙarya ne. Ilimin da kake zagi shi ya hana ka ƙona Alƙur'ani a kan cewa sihiri ne, shi ne kuma ya hana ni yi wa mahaifiyata daɗin baki. Ba ya bin bayan kowa, shi ya sa nake karanta shi, kuma ba zan daina ba."

Na durƙusa na shiga tattara fallayen, ina kaɗe musu toka. Ina jira ya fizge, don na riga na yanke cewa in ya taɓa, to yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba a gidanmu. Bai taɓa ba. Ya miƙe tsaye yana kallon wutar, sannan ya ce, "In ka ɗauka, a wuyanka. Kada ka kawo min shi gida. In an tambaye ni, ban san da shi ba."

Na ce, "A wuyana."

Na mayar da su cikin gafakar, igiyarta ta tsinke a hannuna don tsufa. Ummi ta matso, ta ciro wani ɗankwali daga jakarta, ta naɗe gafakar ta ɗaure tam, ta dangwara min a ƙirji ba tare da ta dubi idona ba. "Riƙe. Ba don na yafe maka ba." Ta wuce ta shiga motar yayana, ta bar ni ni kaɗai na kashe wutar na jira masu karɓar makulli.

Kusan wata guda ta yi ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Wannan ya fi komai yi min ciwo, har na rame, amma ban je na janye maganata ba. Ranar da ta sauko, ita ta aiko in zo da abin. Ta ce, "Nuna min watannin nan naka." Na ɗaga mata falle a bakin taga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓe baki ta ce, "To. Ashe har Nasara sun yi wa Baba aiki." Daga nan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Makonni na yi a shago ina jera fallayen, kowace kalmar ƙasa tana kai ni ga 'yar uwarta. A wurare biyu ne kawai na bi kalmar na rasa inda ta nufa, don takardun da take nema sun zama toka a Awali. Na yanko fararen takardu biyu daidai girmansu na sa a gurbin. Ban ɗinke shi ba, ni da ɗinki ne abincina, na bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Bayan wasu shekaru yayana ya shigo shagon wata ranar Asabar, ya zauna yana ta kewaye-kewaye. Can ya ce, da Hausa zalla, abin da ba ya yi sai da Ummi, wai ya san ayoyin da suka ɓata, in na yarda zai rubuta su da hannunsa a cike gurbin. Na san irin nauyin da ya ji kafin ya iya furta wannan, kuma na ji tausayinsa. Na zuba masa shayi, na ce a'a. Na ce ayoyin ba su ɓata ba, suna cikin kowane mus'hafi a garin nan, suna cikin kansa. Abin da ya ɓata hannun wancan mutumin ne, shi kuwa babu mai dawo da shi. Ina so 'ya'yana da nasa su buɗe su tarar da farar takarda, su tambayi dalili, a gaya musu gaskiya.

Abin da na koya ke nan a wannan rana. Tambaya ba ta taɓa ƙona min ko harafi ɗaya na Alƙur'ani ba, tsoro ne ya ƙona, kuma a hannun wanda ya fi ni haddarsa. Duk abin da ya ba ka tsoro, ɗaga shi ka duba gaba da baya kafin ka yanke masa hukunci, kuma in ka duba, ka faɗi abin da ka gani ko da wanda kake ƙauna ne zai ji ciwo. Masu cewa in rufe waɗancan littattafan har yau suna nan, kuma amsata gare su ɗaya ce: ku zo shago in nuna muku fararen takardu biyu.